Allura da yawa, ƙwai uku kacal: fashin baƙi kan magungunan dashen ciki

A cikin matan da ke zuwa dashen ciki, wato IVF, inda ake haɗa ƙwan mace da maniyyi a ɗakin gwaji a mayar da ɗan tayin cikin mahaifa, akwai waɗanda likitoci ke kira masu ƙarancin amsawa. Mace za ta sha allura kwana goma ko sha biyu, a kashe abin da aka jima ana zubawa a susu, ranar ɗiban ƙwai kuma a fito da biyu ko uku, alhali wadda ke gadon kusa da ita an samu sha biyar. Daga Aboabo zuwa Asawase har Tafo Zango, unguwannin Kumasi a ƙasar Gana, idan labari ya iso gida, abin da dangi kan fara cewa shi ne maganin bai yi ƙarfi ba, ko likitan ya yi rowar allura, a tafi Akra inda za a ba da mai ƙarfi. Wannan fahimta ce ta fi cinye kuɗin mutane, don haka ita ya kamata a fara warwarewa.

Allurar ba ta ƙirƙirar ƙwai. Mace da ƙwanta ake haihuwarta, tsakanin miliyan 1 zuwa 2. Kafin ta balaga sun ragu zuwa wajen 300,000 ko 400,000, kuma raguwar ba ta tsayawa, ko tana da ciki, ko tana shan maganin tsarin iyali, ko ba ta taɓa aure ba. Kowane wata wasu 'yan jakunkuna, kowace da ƙwai ɗaya a cikinta, sukan taso a ma'ajiyar ƙwai biyu da ke gefen mahaifa. Wani sinadari mai suna FSH, da ake sakowa daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, shi ke sa su girma. Jaka ɗaya takan rinjayi sauran, ta nuna, ta fashe ta saki ƙwai, ragowar su shanye. Aikin allurar IVF shi ne ta riƙe FSH a sama na wasu kwanaki don waɗanda da za su shanye su ma su nuna. To idan jakunkunan da suka taso a watan huɗu ne, huɗun nan ne iyakar abin da za a iya ceta. Mai suyar masa ta san wannan: kasko mai gurbi huɗu, ko duk itacen gidan ta tura masa, masa huɗu zai ba ta a zubi ɗaya.

Ana auna abin da ya rage ta hanya biyu. Ta farko hoton sikan ne ta gaba, galibi a farkon al'ada. A jikin allon za a ga wasu baƙaƙen ɗige-ɗige masu faɗin milimita 2 zuwa 10, likita yana ƙirga su dama da hagu. Ta biyu gwajin jini ne na AMH, sinadarin da waɗannan ƙananan jakunkuna ke fitarwa. A kula da ma'aunin da ɗakin gwaji ya rubuta kusa da lambar, domin wasu na amfani da ng/mL, wasu da pmol/L, kuma 1 a na farko ya kai wajen 7 a na biyu. Mai 5 a pmol/L ba ta ma kai 1 a ng/mL ba, mai 5 a ng/mL kuwa ƙwai gare ta jingim. Mata kan haɗa takardunsu a ɗakin jira, wata ta tafi gida da kuka wata da murna, alhali ba ma'auni ɗaya aka yi musu ba.

A 2011 ƙungiyar masana haihuwa ta Turai, ESHRE, ta wallafa sharuɗɗan da aka sani da sunan birnin Bolonya na Italiya. Ana sa mace a wannan rukuni idan ta cika biyu cikin uku: shekara 40 ko fiye, ko wani dalili makamancin haka, an taɓa yi mata cikakkiyar allura aka samu ƙwai uku ko ƙasa, ko gwaji ya nuna ma'ajiyar ta yi ƙasa. Matsalar sharuɗɗan nan ita ce sun zuba 'yar shekara 30 da 'yar 43 a kwando ɗaya. Shi ya sa a 2016 wasu masana suka zo da wani rabo mai suna POSEIDON, wanda ya kasa matan gida huɗu bisa tambaya biyu: ta kai 35 ko ba ta kai ba, sannan ma'ajiyarta ta yi ƙasa da gaske, wato jakunkuna ƙasa da 5 ko AMH ƙasa da 1.2 ng/mL, ko kuwa gwajinta lafiya lau ne sai dai ta ba da ƙwai kaɗan ba zato.

Wannan rabo yana da muhimmanci saboda yawan ƙwai daban, ingancinsa daban, kuma shekaru ne ke riƙe da inganci. Ɗan tayi lafiyayye yana buƙatar kuromosom, wato ƙunshin kayan gado, 46 cif, 23 daga uwa, 23 daga uba. A wajen shekara 30, waɗanda lissafinsu ya karkace ba su wuce ɗaya cikin uku ba. A 40 sun haura rabi. A 44 kusan tara ne cikin goma. Saboda haka ƙwai uku na 'yar 31 sun fi takwas na 'yar 43 alkawari, kuma har yau babu allurar da ke mayar da ƙwai ƙuruciya. Haka nan ƙarancin AMH ba takardar shaidar juya ba ce. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2017 kan mata 750 masu shekara 30 zuwa 44 da ke neman ciki a gida, ba da taimakon asibiti ba, ya nuna masu ƙarancin AMH sun ɗauki ciki kamar sauran. Abin da AMH ke faɗa shi ne ƙwai nawa allura za ta iya fitarwa.

Ga matasa, abubuwan da ke rage ma'ajiya da wuri sun haɗa da tiyatar cire ƙari daga jikin ma'ajiyar kanta, ciwon endometiriyosis (tsirowar nama irin na shimfiɗar mahaifa a wajenta), maganin ciwon daji, shan taba, da gado. Ƙarin mahaifa da ya yi yawa a cikin matanmu ba shi ke cinye ƙwai ba, amma shekarun da ake ɓatawa ana bin sa da jiƙe-jiƙe suna cinyewa.

Yanzu ga batun ƙarfin allura, inda gizo ke saƙar. Ana auna FSH da wani ma'auni mai suna IU. Ƙaramar kwalbar Menopur tana ɗauke da 75. Wadda aka rubuta wa 150 a rana kwalba biyu take sha, mai 300 huɗu, mai 450 shida. A kwana goma, kwalba 20 ke nan, ko 40, ko 60, kuma duk daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala da yuro, ba ya sauraron kukan sidi. Tun 1995 da aka samu jaririn IVF na farko a Gana, a asibitin Pro Vita da ke Tema, akasarin aikin nan a hannun asibitoci masu zaman kansu yake, kuma katin inshorar lafiya na NHIS ba ya ɗaukarsa. Kowace kwalba daga aljihun maigida ko daga jarin matar take fitowa.

Shin kwalba 60 ta fi 20 kawo jariri? An gwada. A Holan an yi wani bincike mai suna OPTIMIST, aka wallafa a 2017, kan mata fiye da 500 masu ƙarancin jakunkuna. Wasu aka ba su 150, wasu 225 ko 450. Masu babban awo sun samu ɗan ƙarin ƙwai, kuma ba a cika dakatar musu da zagayen a tsakiya ba. Amma da aka ƙirga jariran da aka haifa, babu wani bambanci, sai na kuɗi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. A jagorar da ESHRE ta fitar a 2019 ta ce ba ta goyon bayan a wuce 300 a rana ga irin waɗannan mata. Don haka idan likita ya tsaya a 300 ya ƙi ƙarawa, ba rowa ba ce.

Akwai inda ƙari ke da ma'ana. Wadda sikan ya nuna tana da jakunkuna goma ko sha biyu, aka ba ta 150 aka samu ƙwai huɗu, ita ƙwan yana nan, awon ne bai ishe ta ba, ko jikinta ne ba ya jin FSH da sauri. A zagaye na gaba ana iya ɗaga mata zuwa 225 ko 300, a ga canji. Mai jiki sosai ma takan buƙaci fiye da siririya. Kuskure shi ne a ɗauki labarin irin wannan mata a ɗora wa wadda jakunkunanta uku ne.

Ire-iren allurar kuma iri biyu ne a dunƙule. Akwai FSH zalla da ake haɗawa a masana'anta, irin su Gonal-f da Puregon, masu zuwa kamar biro, a murza awo a soka a fatar ciki ƙasan cibiya. Akwai kuma HMG, irin Menopur, wanda ake tacewa daga fitsarin matan da suka daina al'ada. A farkon lamarin ma daga gidajen tsofaffin matan coci na Italiya aka riƙa tara shi. Shi yana ɗauke da aikin FSH da na wani sinadarin, LH. An jima ana zaton ƙara LH zai taimaki masu ƙarancin amsawa. Babban gwajin da aka yi kan mata 939, mai suna ESPART, wanda ya kwatanta Pergoveris mai haɗe da FSH da LH da Gonal-f zalla, bai nuna ƙarin ƙwai ba. Har yanzu wasu likitoci na ƙara LH ga masu 35 zuwa 40, kuma suna da hujjarsu daga ƙananan bincike, sai dai ba abin da za a sayar da fili dominsa ba ne. Elonva allura ɗaya ce da ke tsayawa a madadin ta kwana bakwai. Sauƙi take kawowa, ba ƙarin ƙwai ba.

Ban da masu sa ƙwai girma, dole a haɗa da maganin da zai hana shi fita kafin a ɗiba. Dogon tsari yana farawa tun wajen kwana na 21 na watan da ya gabata, da buserelin ko danginsa. Gajeren tsari, da Cetrotide ko Orgalutran, yana shigowa wajen kwana na biyar ko shida na allura. Ga masu ƙarancin amsawa sakamakonsu kusan ɗaya ne, gajeren dai ya fi ƙarancin allura da zirga-zirga.

Hanyar da na ga ba a cika bayyana wa mutanenmu ba ita ce ta sassauƙan awo. A nan ana ba mace ƙwayar kulomifin, wadda aka fi sani da Clomid, ko letorozol, na kwana biyar daga farkon al'ada, a haɗa da allura 150 ko ƙasa. Kulomifin yana yaudarar ƙwaƙwalwa ne, ta ɗauka sinadarin mata ya yi ƙasa, letorozol kuwa rage shi yake yi da gaske, sai ta ƙara sakin FSH nata na kanta, kyauta. A 2018 ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka, ASRM, ta duba binciken da aka yi ta ce ga masu ƙarancin amsawa, samun ciki da sassauƙan awo bai bambanta sosai da na babban awo ba. ESHRE ma ta sa kulomifin, shi kaɗai ko tare da allura, a sahu ɗaya da allura zalla, ko da yake ba ta gamsu da ƙara letorozol ba. Aibin kulomifin shi ne yakan sirantar da shimfiɗar mahaifa, har ya zama sai an daskarar da ɗan tayin a mayar da shi a wani watan, wannan ma kuɗi ne. Duk da haka, a ganina, ga wadda jakunkunanta uku ko huɗu ne, tambayar da ya kamata maigida ya yi ita ce: "Dokta, idan muka bi sassauƙan awo, kuɗin da ke hannunmu zagaye nawa zai yi?" Magani ba shi ne dukan kuɗin IVF ba, akwai ɗiban ƙwai da aikin ɗakin gwaji, amma babban kaso ne, kuma ga wannan rukuni yawan gwadawa ya fi ƙarfin gwaji ɗaya amfani.

Wannan ba lasisi ba ne na zuwa kemis a sayi Clomid a riƙa sha wata bayan wata, kamar yadda ake yi a unguwanninmu, ƙawa ta rubuta wa ƙawa suna a takarda. Ga mai toshewar bututun mahaifa, wadda tana cikin manyan dalilan rashin haihuwa a wannan yanki, ko ga matar da maniyyin mijinta ke da rauni, ko buhu ta shanye ba abin da zai canja sai shekarunta.

Akwai ma IVF ba tare da allurar girma ba, a jira ƙwai ɗayan nan na wata a ɗauke shi. Da haka aka samu Louise Brown, jaririyar IVF ta farko, a Ingila ranar 25 ga Yulin 1978. Amma ga matan da suka cika sharuɗɗan Bolonya nasararsa a kowane zagaye kaɗan ce ƙwarai, sau da yawa a shiga a fito ba ƙwai.

Sai kuma 'yan rakiya, magungunan da ake ɗorawa a kai wai don su farfaɗo da ma'ajiya. Nan kasuwa ta fi ci, a asibiti da kuma a Facebook da WhatsApp. DHEA ya fi kowane suna: ƙwaya ce ta sinadari mai kama da na maza, ana sha wata biyu ko uku kafin a fara. Ƙananan binciken farko sun ba da fata, amma da aka tattara masu inganci sai aka ga bai ƙara haihuwa ba, ga shi yana kawo ƙuraje, maiƙon fuska da gashi inda ba a so. Man testosteron da ake shafawa a fata ya fi shi hujja kaɗan, wasu tattararrun bincike sun nuna amfani, sai dai wani babban gwaji da aka yi a Turai an tsayar da shi tun bai ƙare ba don ba a ga alamar fa'ida ba. Allurar sinadarin girman jiki tana da tsada matuƙa, tana iya ɗaga sukari ta kumbura jiki, kuma gwajin LIGHT da aka yi a Ostareliya, wanda aka wallafa a 2019, bai nuna ƙarin haihuwa ba. CoQ10 ya fi su sauƙin kuɗi da sauƙin illa. Wani bincike daga Sin a 2018 ya nuna ƙarin ƙwai ga matasa masu ƙarancin ma'ajiya, amma bai tabbatar da ƙarin jarirai ba. Na baya-bayan nan shi ne PRP, inda ake tace jinin mace a soka mata a ma'ajiyar ƙwai. Gwaje-gwajen da aka yi da tsari mai kyau ba su nuna ya ƙara samun ciki ba. Jagorar ESHRE ta 2019 ba ta goyi bayan DHEA, testosteron, sinadarin girma ko asfirin don wannan manufa ba.

Ba na cewa likitan da ya rubuta ɗaya daga ciki macuci ne. Sau da yawa mace ce ke zaune gabansa tana hawaye tana cewa a yi mata ko mene ne, shi kuma ba ya son ya sallame ta hannu biyu. Amma ga 'yar shekara 40, wata uku da za ta yi tana shan DHEA kafin a fara ba kyauta ba ne, daga cikin watannin da suka rage mata ake zara.

Saboda ƙurewar lokacin ne aka ƙirƙiro yin allura sau biyu a wata ɗaya, dabarar da likitocin Shanghai suka bayyana a 2014. A ɗebi ƙwai, bayan 'yan kwanaki a sake farawa ba tare da jiran al'ada ba, a sake ɗiba, a daskarar da duka. Gwajin da aka yi a Faransa ya nuna bai fi zagaye biyu a jere yawan ƙwai ba. Ribarsa lokaci ne kawai, da kuma hana ma'aurata su karaya su gudu bayan zagayen farko. Yana buƙatar ɗakin gwajin da ya ƙware wajen daskarewa, wannan kuma abin tambaya ne tun kafin a biya.

Wani abu da ke ɓata zagaye a ƙasar nan ba shi da alaƙa da zaɓin magani. Da yawa daga cikin alluran nan ana ajiye su ne a sanyin digiri 2 zuwa 8, a cikin firiji, ba a ɗakin ƙanƙara ba, domin daskarewa na lalata su. Wadda ta sayo a Akra za ta hau mota zuwa Kumasi ta sa su cikin kula mai ƙanƙara, ta naɗe kwalayen da tawul kada su taɓa ƙanƙarar. Idan dumsor ya zo, wato aka ɗauke wuta, a bar ƙofar firijin a rufe. A duba lambar rajistar hukumar FDA ta Gana da ranar lalacewa, a guji ragowar maganin wata da ba a san yadda ta ajiye shi ba, ko da ta ba da shi rabin kuɗi. Allurar ƙarshe kuma, Ovitrelle ko makamanciyarta, wadda ke nunar da ƙwai idan jakunkuna sun kai milimita 17 ko 18, ana yin ta wajen awa 36 kafin ɗiba. Idan nas ta ce, "Hajiya, ƙarfe tara na dare daidai," to tara ɗin take nufi, ba bayan an sallami baƙi ba. Mai ƙwai sha biyar tana iya asarar biyu ba ta ji ba. Mai uku ba ta da wannan rara. Haka shi ma Alhaji: a gwada maniyyinsa da wuri, domin idan akwai rauni akwai dabarar ICSI, inda ake soka maniyyi ɗaya cikin kowane ƙwai, kuma gara a sani kafin ranar ɗiba.

Idan an yi zagaye biyu ko uku ba a dace ba, musamman ga wadda ta haura 42, likita zai kawo maganar karɓar ƙwai daga wata mace. Ta fuskar likitanci ita ce hanyar da ta fi nasara, domin shekarun mai ƙwan ake lissafawa. Ta fuskar shari'a kuwa, fatawar Azhar ta 1980 da matsayar Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Amman a 1986 sun halatta dashen ciki tsakanin miji da matarsa muddin aure na nan, sun haramta shigar ƙwai, maniyyi ko mahaifar wani na uku saboda kare nasaba. A Iran an samu fatawar da ta ba da dama a ƙarshen shekarun 1990, amma akasarin mutanen Zango ba ita suke bi ba. Wannan ya sa lissafin matar Zango ya bambanta da na maƙwabciyarta wadda ƙofar nan ke buɗe gare ta: ƙwanta ne kaɗai jarinta. Ƙa'idar likitoci ita ce a je bincike bayan shekara ɗaya ana nema, bayan wata shida ga wadda ta kai 35, nan take ga mai 40. Addu'a da rubutu ba sa hana zuwa sikan a mako ɗaya, kuma duk wani jiƙo da ake sha a faɗa wa likita kafin a fara allura.

Bayan kowane zagaye, a nemi kwafin bayanansa a rubuce: wane magani, awo nawa, kwana nawa, jakunkuna nawa aka gani a sikan na ƙarshe, ƙwai nawa aka ɗiba, nawa ne suka nuna, nawa suka haɗu da maniyyi, nawa suka kai kwana uku ko biyar. Jaka shida da ƙwai biyu na iya nuna matsalar allurar ƙarshe ko lokacin ɗiba. Ƙwai biyar da ba ko ɗaya da ya haɗu na nuni ga maniyyi ko ingancin ƙwan. Jaka uku da ƙwai uku kuwa na nufin maganin ya yi iyakar aikinsa. Kowanne gyaransa daban, kuma likitan da za a je wa gaba, a Kumasi ne ko a Akra, da wannan takarda zai tsara zagaye na biyu.